Likitan Sojan da Muka Ɓoye wa Ciwonsa

Na Allah muke, kuma gare Shi za a tattara mu, wanda ya cika a ɗakinsa da wanda ya cika a uwa duniya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a Dubai wata Talata da hantsi, aka binne shi bayan la'asar a maƙabartar Al Quoz, ba nisa da siton da nake loda kwantena. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, tana can gida Katsina. Rabonta da shi tun ranar da ta rako shi bakin mota tana yi masa faɗa a kan ya manta hular sanyi. An samu watanni da za a iya haɗa su, ba a haɗa su ba. Abin da ya hana ni sakat ke nan, shi ya zaunar da ni rubutun nan, ni da ban saba rubuta komai ba sai sunan mai kaya a jikin kwali.

A gidan babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, aka yi zaman makoki, can sama a wani dogon gini a Al Rigga. Lokacin an farfashe titin ana haƙan hanyar jirgin ƙasa, sai mutum ya zagaya ta bayan shagunan canji kafin ya samu ƙofa. Duk da haka mutane suka yi ta tururuwa. Takalma suka cika baranda har bakin lif. Maƙwabcin Yaya, wani Ba'indiye, ya leƙo da alamar zai yi ƙorafi, ya ga fuskokinmu, ya koma ciki ya fito da kujerun gidansa.

Wani Badamagare mai harkar wayoyi a Deira ya shigo ya yi addu'a ya shafa. Yana ɗaga kai idonsa ya faɗa kan hoton da ke bango, Kawu cikin kaki, hula a karkace, anini a kafaɗa.

"Alhaji, wannan fa wane ne?"

"Shi ne mamacin," in ji Yaya.

"Tsohon namu? Colonel ne? Wallahi ni na ɗauka tsohon malamin asibiti ne, infirmier haka. Mutumin da ya durƙusa a bayan masallaci yana duba mini ƙafa, yana yi mini faɗa a kan yankan farce." Ya nemi wuri ya zauna.

Wayar Yaya kuwa ba ta huta ba. Da ya gaji ya miƙo mini. Wani tsohon saje ne daga Makurɗi, da Hausarsa ta bariki.

"Oga Likita ya tafi? Ɗana, ƙafa wanda ni ke tsaye da shi yanzu, na Oga ne. Su duka sun ce a yanke, shi ya ce a bari." Na ba shi haƙuri. Sai ya ce, "Madam fa? Madam yana wurin lokacin da ya cika?"

Na ce masa layin ba kyau, na miƙa wa Yaya wayarsa.

A hannun Kawu na tashi. Mahaifina ya rasu ina ƙaramin yaro, Kawu ya zo da motar soja ya ɗauke ni zuwa barikin Kaduna, ya haɗa ni da 'ya'yansa, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Gidansa ne kaɗai na sani inda ake wanke hannu kafin a gaisa. Akwai buta da sabulu a bakin ƙofa, damina da rani. Idan ka miƙa masa hannu sai ya riƙe, ya ce "juya", ya duba farce, sannan ya amsa gaisuwarka. Wani ƙanen kakanmu ya taɓa zuwa daga ƙauye aka nuna masa butar, ya ce shi ba kuturu ba ne, ya juya da kayan tsarabarsa. Sai da Inna ta bi shi har tasha da ban haƙuri. Kawu bai ga laifinsa ba har ya koma ga Allah.

Ɗan wanzami ne. Kakanmu shi ke yi wa rabin garinmu aski da ƙaho da kaciya, don haka idan aka yabi Kawu cewa yana cikin mutanenmu na farko da suka karanci tiyata, sai ya ce, "Gado na yi, aska kawai na canza." Ya dawo daga karatu a Turai ya shiga soja, bai gama sabawa da takalmin ba yaƙin basasa ya ɓarke. Aka ba shi wata makarantar firamare aka ce ga asibiti. Teburan malamai ya haɗa ya yi gadon tiyata.

Ba ya son labarin yaƙi. Abu ɗaya yake maimaitawa, shi ma don ya zama darasi. Ya ce da farko duk wanda aka kawo da raunin harsashi wanke shi yake ya ɗinke tsaf, ɗinki mai kyau irin wanda aka yaba masa a makaranta. Bayan 'yan kwanaki sai wurin ya kumbura, ya yi wari, zazzaɓi ya kama yaro ya tafi. Sai zaren ɗinki ya yanke musu. Waɗanda aka bari a buɗe don dole, ana wanke musu da ruwan gishiri kullum, su ne suka riƙa tashi. Daga nan ya daina ɗinke raunin harsashi a ranar farko, ko zare ya cika ɗaki. Da magunguna suka ƙare kuma ya tuna da abin da ya ga mahaifinsa yana yi, ya aika ƙauyuka a nemo zuma, ya riƙa shafa ta a raunin yana rufewa da bandeji. Manyansa suka sa masa suna Boka Mai Kaki. Sunan ya bi shi har bayan yaƙi, shi kuwa ko a jikinsa.

Da wani ne, da ya bar abin a labari, ya riƙa ba da shi a majalisa. Kawu bai bari ba. Ya samu wani ɗaki a bayan asibitin bariki ya mayar da shi ɗakin gwaji, ya yi shekara da shekaru yana rainon ƙwayoyin cuta a faranten gilashi, yana ɗiga musu zumar wurare dabam-dabam, ya ga wacce ke kashe su, wacce ba ta yi, wacce kuma masu sayarwa suka surka da sukari. Inna ta ce ita ce kaɗai matar da zuma ke shiga gidanta tulu-tulu amma take shan kununta lami. Abin da ya gano ya fito a mujallun likitoci, aka yi ta gayyatarsa taro a ƙasashe, matasan likitocin soja da ya horar suka watsu a bariki-bariki. Amma in ka ce shi ya gano barin rauni a buɗe, sai ransa ya ɓaci. Ya ce wasu sun riga shi gani a wasu yaƙoƙin, sun rubuta. "Ni dai na sake gano shi ne a jikin 'ya'yan mutane, don ban yi karatuna da kyau ba." Ban taɓa jin ya faɗi wannan yana dariya ba.

Halin da aka fi saninsa da shi, wanda kuma ya fi jawo masa baƙin jini, shi ne ba ya ɓoye wa majinyaci ciwonsa. Yakan zauna a bakin gado, ya kira soja da sunansa, ya faɗa masa abin da ke akwai ba ƙari ba ragi, sannan ya zauna tare da shi har ya gama kukansa. Dangi su yi ta kama ƙafa a waje, ba ya ji. "Jikinsa ne," yakan ce. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka ɓoye masa ba ka hana shi sani ba, abokin magana kawai ka hana shi."

Wannan halin ne ya tsayar masa da ƙarin girma. An kwantar da ƙanen wani babba da ke sama da shi, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Babban ya kira Kawu ofis ya ba shi umarni kada ya faɗa. Kawu ya ƙame ya sara masa, ya ce a fagen fareti shi yaronsa ne, a bakin gadon mara lafiya kuwa ba shi da oga sai Allah. Ya fita ya je ya faɗa. Mutumin ya nemi a mayar da shi garinsu, ya nemi gafarar wanda zai nema, ya cika a ɗakin mahaifiyarsa. Ba a rufa wata ba aka jefa Kawu wani bariki a bakin iyaka, inda ko wutar lantarki babu. A kanar ya tsaya har ya yi ritaya, yaran da ya koya wa riƙon almakashi suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Ni ma mun yi tamu da shi. Ya ƙwallafa rai sai na gaje shi, tun da 'ya'yansa duk sun gudu, Yaya ya bi injiniyanci. Ranar da ya fara shiga da ni ɗakin tiyata in gani, ni aka fara ɗaukewa a ƙasa kafin a gama da majinyacin. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Na lallaɓa na bar jami'a na bi 'yan kasuwa, ya daina amsa gaisuwata tsawon lokaci, ko "juya" ɗin ban samu ba. Sai da na zo Dubai na kafu, na yi aure na haihu, sannan ya sauko, kuma da ya sauko bai zo hannu rabbana ba, suna ya laƙaba mini. Likitan Kwantena. Da shi yake kirana a gaban kowa, har a gaban surukaina.

Shi da Inna kuwa ba a shiga tsakaninsu. Tana kiransa Soja, yana kiranta Kwamanda. Kullum cikin musu suke, a kan gishiri, a kan rediyo, a kan wa ya fara tsufa. Amma ban taɓa ganin ya ci abincin rana ba ta zauna a gefensa ba. Da ya fara ramewa, abinci ya daina shiga, Yaya ya matsa a kawo shi Dubai a duba shi. Inna tana fama da gwiwa, jirgi kuma tun na Hajji ta ce ta yafe shi. Aka ce ai 'yan kwanaki ne, ta zauna ta jira.

A barandar asibiti likitan ya tsayar da mu, ni da Yaya, wani Basudane mai sanyin murya. Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya yaɗu, magani zai rage zafi ne kawai. Ya ce maganar watanni ake yi, kuma in akwai inda tsohon yake son zuwa, yanzu ne lokacin. Yaya ya roƙi likitan kada ya faɗa wa Baba. Likitan ya ce shi ba zai fara ba, amma in majinyaci ya tambaye shi ba zai yi masa ƙarya ba. Kawu bai taɓa tambayarsa ba. Mutumin da ke titsiye mai sayar da lemo a kan inda aka nomo shi, an ɗauki hoton cikinsa bai ce a nuna masa ba. Wannan kaɗai ya isa ya faɗa mana wani abu, amma ba mu so ji ba.

Ba Yaya ya ƙirƙiro abin ba, haka muka taso muka tarar. Ba a duban tsabar idon babba a ce masa mutuwa zai yi. Mai jinya cewa yake da sauƙi, majinyaci ma ko yana shure-shure cewa yake da sauƙi, wanda ke nesa kuwa ba a tayar masa da hankali, sai dai a ce ya sa a addu'a. Tausayi ne, kuma na ga inda ya yi amfani. Sai dai mun manta wa muke yi wa. Muka ce wa Kawu kumburi ne a hanta, za a yi masa ƙarin ruwa na wani lokaci. Ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "To, madalla."

Zaman gidan sama ya ishe shi, don haka ranar da jikin ya yi daɗi yakan bi ni Al Quoz. In ajiye masa kujera a bakin sito, ya zauna yana kallon ana ɗaure kwalaye, yana gyara wa kowa yadda ake ɗaga kaya kada baya ya tafi. Wata rana ya hango wani lebura ɗan Tawa yana aiki da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe da tsumma. Ƙarfen ɗaurin kaya ne ya yanke shi kwanaki, abokansa suka zuba masa baƙin mai. Kawu ya kira shi, ya wanke hannunsa, ya kwance tsumman, ya sunkuya ya sansana.

"Ɗana, dube ni nan. Wannan yatsan ya mutu. In ka je asibiti yau, yatsa za ka rasa. In ka jira Juma'a, hannu ne."

"Baba, takarduna fa... biza ta ƙare. In na je, khalas, sai gida."

"Gara ka koma gida da hannu. Yalla, tashi, ni zan raka ka."

Ya raka shi ɗin. Ya zauna a kan bencin asibiti har aka gama, ya yi magana da duk wanda ya kamata da Turancin nan nasa na manyan soja, ya dawo gida da kyar yake ɗaga ƙafa, ya kwana biyu bai tashi ba. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne lokacin da yake ce wa yaron "dube ni nan". Na dubi Kawu ni ma, na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

Sau biyu na ji ya tambayi gida. Na farko muna cin abinci, ya ce, "Injiniya, yaushe za mu koma ne?" Yaya ya ce, "Baba, shwaiya-shwaiya, a bi a hankali, a gama maganin tukun." Ya ce to. Na biyu gab da azumi ne, ya ce yana so ya sha ruwa da kunun Kwamanda. Yaya ya ce inshallah bayan salla. Daga nan bai ƙara tambaya ba. Kowace Juma'a in sayo katin waya in kankare masa, ya kira Inna, su yi musun da suka saba, in ji yana cewa, "Da sauƙi, Kwamanda. Da sauƙi sosai."

Da aka shiga azumi na tare Yaya a mota, a gindin ginin. Na ce ko dai a mayar da Kawu gida tun yana iya zama a jirgi, ko a kawo Inna.

"In na kawo ta ya gane," in ji shi. "In na mayar da shi kuma na sallama shi ke nan. Wane asibiti zan kai shi a can? A bar kaza cikin gashinta."

"Yaya, mutumin nan fa likita ne."

"Khalas, ya isa. Ba mahaifinka ba ne, shi ya sa kake saurin binne shi."

Maganar ta soke ni, don ban san wani uba ba bayan Kawu. Amma ban riƙe shi ba. Na ga yadda ya faɗa, na ga yana tashi daga aiki ya wuce ya yi wa tsohon wanka da kansa, yana yanke masa farce, yana ba shi fura a cokali. Yaya bai yarda mahaifinsa zai mutu ba, shi ke nan. Ya yi ta neman wani likitan, wani asibitin, wani sabon magani da ya ji labari.

Bayan salla Yaya ya sauko da kansa, ya ce a nemi tikiti. Muka je wurin Basudanen, ya girgiza kai, ya ce yanzu kam babu jirgin da zai ɗauki Kawu, a makon ma aka ba shi gado. Muka ce to a kawo Inna. Yaya ya shiga neman biza, ya ce ba zai faɗa mata ba sai ta fito, kada a tayar mata da hankali a banza.

Wata safiya ina zaune a bakin gadon asibitin, Yaya ya tafi aiki, Kawu ya ce, "Likitan Kwantena, tura ƙofar nan." Na tura. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na matso.

"Ka daina wahalar da fuskarka. Tun ranar da aka ɗauki hoton na gani, yaron da ya ɗauka ya manta bai juya allon ba. Na buɗe cikin mutane da yawa, na san abin nan in na gan shi."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "To Kawu, me ya hana ka magana?"

"Yayanka. Yana goye ina bakin daga. Yana makaranta ina ɗakin gwaji da kwalaben zuma. Yaron nan bai taɓa samun uba na wata guda cur ba. Yanzu ya same ni, yana wanke mini ƙafa yana murna, in ce masa ya tattara ni ya mayar? Na ce bari in ba shi kaɗan."

"Inna fa?"

Ya gyara kwanciya. Sannan ya ce, "Nan ne lissafina ya ɓaci. Na ɗauka zan ba shi nasa, in koma in ba ta nata. Likita ba ya auna kansa daidai." Na ce masa ana nan ana nema mata biza. Ya ɗan yi murmushi ya ce Allah Ya kawo ta. "Amma kada ka faɗa mata a waya. Ba maganar waya ba ce, a zaune ake faɗa, ana riƙe da hannun mutum."

Bai ƙara mako ba. Mu muka yi masa wanka, ni da Yaya da wani malami ɗan Maraɗi. Waɗanda suka sallace shi yawancinsu ba su san ko wane ne ba, leburori da direbobi da suka tarar da jana'iza suka shiga sahu don lada. Babu fareti, babu tuta, babu ko soja ɗaya. Ƙasar wurin fara ce, rairayi, ba ta kama hannu irin tamu. Allah Ya sanyaya masa ita, Ya sa hannuwan nan da suka wanke raunin bayinSa su zama shaida a gare shi, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. A gida, dattawan unguwa aka tura wa Inna, suka fara da cewa jikin ya tsananta, alhali mun riga mun baro maƙabarta. Bizarta ta fito ranar sadakar uku.

Da muka samu jirgi muka tafi Katsina, ni da Yaya. Shi ya gaishe ta a tsaye ya fice zaure wurin maza, bai iya haɗa ido da ita ba. Ni na zauna. Tana cikin takaba, a kan tabarma a ɗakin Kawu, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, carbi a hannu. An yi wa ɗakin sabon fenti, har yanzu yana ƙamshi. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a. Ta tambayi wa ya yi masa wanka, na faɗa mata. Ta tambaya ko ya sha wuya, na ce an rage masa zafin. Matan da ke ɗakin suka fita ɗaya bayan ɗaya.

"Ya sani?" ta ce.

"Ya sani, Inna."

"Kai ma ka sani."

"Na sani."

Ta ja carbi kaɗan. Na shirya ta yi mini faɗa, ina ma so ta yi. Ba ta yi ba.

"Ni ma na sani," ta ce. "Tun muna yara nake auren mutumin nan. Ko mura yake yi sai ya bayyana mini ita tun daga hanci har ƙirji, in ce ya isa. Ranar da ya ce mini da sauƙi ya yi shiru, na ajiye wayar na shiga ɗaki."

"To Inna, da kin ce za ki zo..."

"In ce wa? Yayanka ya ce mini kumburi ne, in ƙaryata ɗana? Shi kuma Soja ya ɓoye mini, na ce yana da dalili, ba zan tona masa ba. Na ce dai in abin ya matso, ɗayanku zai ce Inna taho. Kowace Juma'a in yi wanka in zauna kusa da wayar. Fentin nan ma don kada mutane su gane na sa aka yi, su ɗauka shirin dawowarsa nake."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Mutum huɗu, kowa ya sani, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara, har lokacin ya ƙare a hannunmu. Na so in ce mata ya ambace ta, ya ce a zaune ake faɗa ana riƙe da hannu, amma ta riga ni.

Ta nuna ƙarƙashin gado da carbinta.

"Jawo mini jakar tafiyata can. Tun kafin azumi na ɗaure ta, na kasa kwancewa. Akwai daddawa da yaji a ciki, ya ce abincinku na can ba ya da ɗanɗano. Ka fitar a ba maƙwabta kada su lalace."

Na durƙusa na jawo ta. Ta yi nauyi fiye da yadda na zata. Da na zuge, abin da ke sama bargonsa ne, a wanke a ninke, don ya taɓa ce mata sanyin na'urar asibitin yana damunsa.